Muryata Ta Riga Ni Zuwa Dutsi

'Yan'uwa masu karatu, ina yi muku sallama. Na san maganar Sha'aban kuke jira, amma ku yi haƙuri, yau maganar 'yata ce a gaba, shi sai ya biyo baya.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Barakatu, a Daura nake zaune, a gidan mahaifiyata Inna Kulu. Mijina Saminu, Allah ya jiƙansa, ya rasu a hatsarin babur a hanyar Kongolam tun 'yarmu ba ta fara zama ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, Hajiya Nagoggo ta Dutsi, shi ya sa muke sakayawa muna ce mata Hadiyya. Yanzu ta doshi shekara biyu, yaye ya zo. Sha'aban kuwa mai sayar da tumaki ne a kasuwar Mai'aduwa, shi ke nemana, kuma mun yi da shi ba za a ta da maganar aure ba sai na yaye.

Akwai wani guruf da nake ciki a WhatsApp, sunansa Zauren Masu Goyo. Ba mu kai mu talatin ba. Wata Anti Ummukulsum mai sayar da kayan jarirai ce ta buɗe shi, a layin rigakafi ta karɓi lambata. A ciki babu mai amfani da sunanta na yanka. Daga Maman Maliki sai Ummu Yelwa, ni ma Maman Hadiyya nake. Hoton kowa kuma in ba fure ba ne, to ƙafar jariri ce.

Ba zan ci amanar guruf ɗin nan ba. Lokacin da nake takaba, ban zuwa ko zaure, shi ne ƙofata ta waje. Ranar da Hadiyya ta kwana biyu tana zawon haƙori, su suka koya mini haɗa ruwan gishiri da sukari, Ummu Yelwa kuma ta dage sai na kai ta asibiti, har ta kira ni ta ji ko na tafi. In na yi shiru kwana ɗaya za a ce, "Ina Maman Hadiyya? Ko data ce ta ƙare a tara mata?" Mun yi dariya a wurin nan har da hawaye. An kuma yi faɗa a kan wadda ba a amsa wa sallama ba, an yi gaba ta sati guda a kan ko madarar gwangwani na sa yaro taurin kai. Magana ɗaya sai a yi ta juya ta kamar waina. Mu biyar ko shida ne masu surutun, sauran sai dai su karanta su yi gum. Ni dai na ɗauke shi kamar ɗakin Inna, inda za ka cire ɗankwali ka miƙe ƙafa.

Ranar Litinin da hantsi Yaya Maharazu, wan marigayi, ya kira Inna. Ina tankaɗen garin tuwo ina jin ta tana "To, to, madalla. A gaida Hajiya." Da ta ajiye wayar ta ce, "Hajiya ta ce a kai mata takwararta ranar Juma'a, ita za ta yaye ta."

Rariyar ta tsaya a hannuna.

"Inna, har Dutsi?"

"Da can a ina ake yaye in ba gidan kaka ba? Ke ma a Zango aka yaye ki."

"Ni an dawo da ni."

Inna ta yi kamar ba ta ji ba, ta shiga tsince shinkafa. Ta san abin da nake nufi. Ɗan ƙanwar marigayi ma yaye aka kai shi wurin Hajiya, ga shi can yau yana aji biyu a firamare, uwarsa sai da salla take ganinsa. A gidan, yaye ƙofar riƙo ce. Balle ni da ake jin ƙishin-ƙishin wani na zuwa zance wurina.

Da la'asar ina wankin kayan Hadiyya a bakin rijiya, abin ya cika mini ciki. Hannuna da kumfa, ba damar rubutu, sai na danna na yi saƙon murya. Ga abin da na ce, ba zan rage ba:

"'Yan'uwa, a ba ni shawara. Uwar mijina marigayi ta ce in kai mata yarinya Dutsi ta yaye. Wallahi tsoro nake ji, matar nan in yaro ya shiga hannunta ya shiga ke nan, ba ta san mayarwa ba. Ga shi akwai mai nemana, in suka ji sai su ce dalili ya samu. Ni ko za a mutu ba zan rabu da 'yata ba."

Kafin in shanya zane biyu amsoshi sun zubo.

Maman Maliki ta rubuta, "Kar ki kai! Ki shafa maɗaci a nono, kwana biyu ta manta da shi."

Wata ta ce, "Ki je kotu kawai, alƙali zai ba ki. Uwa ce ke da riƙo."

Wata ta ce, "Har sai ta yi aure dai. In ta yi, ya koma hannun kaka."

"Kakar wajen uwa ake nufi, malama, ki koma Islamiyya."

"Ni za ki ce wa in koma Islamiyya?"

Shi ke nan, aka bar maganata aka koma faɗan wa ya fi wa karatu. Can sai Maman Maliki ta dawo: "Wai tsaya, Maman Hadiyya, wane ne mai neman? Ashe ana ruwa ƙasa na shanyewa!" Aka bi ta da sitika ta amarya. Ummu Yelwa ce kaɗai ta biyo ni ta gefe ta ce, "Ƙanwata, da kin goge muryar nan. Kin ambaci gari." Na duba, kusan kowa ya riga ya saurara. Na goge dai, na ce a raina mu ne mu, wa zai fitar?

Bayan magariba Sha'aban ya turo saƙo kamar yadda ya saba. "Ranki ya daɗe, ya gajiyar goyo? Yau na sayar da wani rago mai taurin kai irin naki." Na gaya masa abin da ake ciki a taƙaice. Na ƙara da cewa, "Malam Sha'aban, gara ka sani tun yanzu. In aure zai raba ni da Hadiyya, na haƙura da auren."

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake. Sannan ya turo: "Ni a sana'ata ba na sayen tunkiya in bar ɗanta yana kuka a turke. Tare nake ɗauka. Ki ci abinci."

Na yi murmushi, kar ku ce ban yi ba. Amma murmushi ba ya hana Juma'a zuwa.

Ashe ma ba za a kai Juma'ar ba.

Ranar Laraba bayan azahar, ina sanye da wata tsohuwar atamfa ruwan ganye da ta koɗe a kafaɗa, ina ba Hadiyya nono a kan tabarma, sai muka ji tsayuwar mota. Sallamar Hajiya Nagoggo na fara ji. Ta shigo da farin mayafi mai bakin zare, carbi naɗe a hannu, takalminta na roba duk jar ƙasa. Yaya Maharazu na biye da ita cikin shadda ruwan toka, ya tsaya daga bakin zaure sai da Inna ta ce ya shigo. Na janye Hadiyya na ja hijabi na durƙusa.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Kun zo lafiya?"

"Lafiya." Ko kallona ba ta yi ba. Hannu ta miƙa wa yarinyar. "Zo nan, takwara. Zo in gan ki tun ba a kai ni kotu ba."

Nan na gane magana ta fita.

Inna ta shimfiɗa darduma, na kawo ruwa a kofin silba da fura a kwano. Aka gaisa, aka tambayi mutanen Dutsi, aka tambayi damina. Ba wanda ya taɓa furar. Sai Hajiya ta ce, "Maharazu, kunna wa Kulu abin nan ta ji."

Ya ciro waya ya danna. Masu karatu, ban taɓa sanin muryata na da ƙarfi haka ba. Ga ƙarar guga, ga kukan akuyar maƙwabta, ga ni tsakiyar gidanmu ina cewa matar nan ba ta san mayarwa ba. Inna ta sa gefen zane ta rufe baki. Ni kuwa na ƙura wa tabarma ido, ina jin kamar ƙasa ta tsage.

Da ya ƙare Hajiya ta ce, "Jiya da safe jikar ƙanwata ta kawo mini. A wani guruf na matan Islamiyya ta gani, an rubuta wai wata baiwar Allah ke neman fatawa. Ta ce, Hajiya, wannan ba muryar matar Saminu ba ce? Kafin azahar har mai kitso ta ji. Ni Nagoggo, da furfurata, ni ce matar nan. Ni ce mai cinye 'ya'yan mutane."

"Hajiya, ki yi haƙuri, yarinta ce," in ji Inna.

"Yarinta? Mai neman aure na biyu?" Yaya Maharazu ne ya karɓe. "Inna Kulu, mu ba rigima muka zo yi ba. 'Yar ƙanena ce. Tunda uwarta ta sami wani, ta ba mu abarmu ta je ta yi aurenta. Yau za mu tafi da ita, a huta da jiran Juma'a."

Hadiyya na kan cinyar Hajiya tana wasa da carbi, ba ta san da ita ake ba.

Na ce, "Bari in ɗauko mata riga." Ba riga na je ɗauka ba, numfashi na je nema. Na shiga ɗaki na jingina da ƙofa. Wayata na kan gado tana ta haske. Na buɗe guruf na rubuta, "Wa ya fitar da muryata?"

Nan da nan aka fara rantse-rantse. "Wallahi ba ni ba." "Munafuka dai tana cikinmu." "A cire duk wadda ba ta magana!" Sai ga Anti Ummukulsum ta gefe: "Maman Hadiyya, ki yafe mini. Ni na tura wa malamarmu don ta ba ki hukuncin daidai. Ban sa sunanki ba wallahi. Ashe ita kuma ta sa a guruf ɗin ɗalibanta."

Ban sa sunanki ba. Sai ka ce a ƙasar Daura murya na buƙatar suna. Ƙasar da in ka yi tuntuɓe a Mai'aduwa za a yi maka sannu a Sandamu.

Ban ji haushinta yadda na zata ba, taimako ta so yi. Abin da ya tsaya mini shi ne saƙon da ya biyo baya a guruf: "Maman Hadiyya, me ya faru? Ba mu labari mana, kin bar mu a tsaye." Har da sitika ta mai cin gyaɗa. Ni 'yata ake shirin sakawa a mota, su kuma ci gaban labari suke jira. Wata ta ce in kulle ƙofa, wata ta ce in kira hukuma. Duk cikinsu babu wadda ta taɓa ganin fuskar Hajiya, babu wadda ta san yadda ta yi kwana uku ba ta ci ba da aka kawo gawar ɗanta. Ni na sani. Na kife wayar a kan filo.

Na tsaya na yi tunani irin na mai dafa abinci da itace ɗaya. Me ake nema a yaye? A raba yaro da nono. Me Hajiya ke nema? Ta riƙe jinin ɗanta a hannunta, kuma kar a ce an hana ta. Me nake nema? Kar Hadiyya ta bar gidan nan. Na gyara hijabina na fito, na durƙusa a gabanta, kusa sosai har gwiwata na taɓa dardumar.

"Hajiya, muryata ce, ni na faɗa. Kalmar da na kira ki da ita ba ta dace ba, kuma a gabanki ya kamata in kawo kukana, ba a waya ba. Ki yafe mini. Amma tsoron da na ce ina ji, gaskiya ne, har yanzu ina jin sa."

"Ka ji ta ko," in ji Yaya Maharazu. "'Yar fari ce fa, ko kunya babu."

"Yaya, kunyar 'yar fari sai mai uba a raye. Ni ce uwarta ni ce ubanta, in na yi kunya wa zai yi magana?"

Inna ta harare ni, amma ba ta ce in yi shiru ba.

Na juya ga Hajiya. "Ke za ki yaye ta, ba wanda ya isa ya karɓe miki wannan. Amma a nan. Ga ɗakina, ga gadona, an gyara. Ki zauna da takwararki, ki ba ta kunu da hannunki, ki goya ta. Ni ce zan bar gidan. Zan koma wurin Goggo Hasana a Tudun Wada, ba zan leƙo ba sai ranar da kika aiko kika ce ta manta da nono. Ai raba mu ake so. To a raba, amma babba ya tafi, ƙaramar ta zauna inda ta saba."

Yaya Maharazu ya yi wata 'yar dariya. "A ina aka taɓa yin haka? Hajiya ta bar gidanta ta tare a gidan surukai?"

"Ni ma abin da zan ce ke nan," in ji Hajiya, amma muryarta ta sauka. "In kwana a gidan surukai, Kulu? Mutanen Dutsi su ce me?"

Inna ta matsa ta tura mata kwanon fura. "Wane surukai kuma, Hajiya? Wanda ya sa muke jin nauyin juna yana ƙasa, Allah ya haskaka makwancinsa. Abin da ya rage mana ga shi nan a cinyarki. Ni ma gwiwa ta hana ni goyo, da wa zan yi jigilar kukan yaye in ba ke ba? Mutanen Dutsi kuwa, ai sun riga sun sami abin faɗa tun jiya. Gara su ce Nagoggo ta je har Daura ta yaye jikarta, aka ba ta ɗaki da gado."

Hajiya ta daɗe tana kallon Hadiyya. Ta sa babban yatsa ta shafa girarta.

"Girarsa ce," ta ce a hankali. "In ta ɗaure fuska sai in ga kamar shi ne zai ce mini, Hajiya, ba na son miyar kuka." Ta share ido da bakin mayafi. "Ke kina tsoron in ɗauke ta. Ni kuma ina tsoron ki yi aure a kai ta wani gari, ta girma tana ce wa wani Baba, ta gan ni a hanya ta wuce. Wa ya taɓa tambayata nawa tsoron? Ko don ni ba ni da guruf?"

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na ce, "Ba za ta wuce ki ba, Hajiya. Duk inda nake, hutu da salla a ɗakinki za ta yi su. Ni zan kawo ta, ni zan ɗauko ta."

"Hajiya, kar ki biye wa daɗin baki," in ji Yaya Maharazu.

"Kai, rufe mini baki. Kai ka san kukan yaye? Ka koma ka ce wa matarka ta haɗo mini zannuwana da maganin ƙafata, ka kawo gobe." Ta jawo kwanon furar ta kurɓa, ta yatsina fuska. "Kulu, furarku ta Daura har yau ba ku iya sa yaji ba."

Yaya Maharazu ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya fita, ko sallama bai yi mini ba. Na san da sauran magana a bakinsa. Amma motar ta tashi babu Hadiyya a ciki.

Ina kwashe kwanuka Hajiya ta kira ni. "Ke, Barakatu. Shi wannan mai neman naki, me yake yi?"

"Tumaki yake sayarwa, Hajiya."

"To. Kafin in bar gidan nan ina son ganinsa. Nan zai zo ya durƙusa, in ga idon da zai riƙa kallon takwarata da shi. In bai yi mini ba, zan faɗa miki a fuskarki. Ni ba na tura murya."

Ranar Juma'a da sassafe aka karɓo rubutun yaye daga wurin malam, Hajiya ta zuba shi a kunun gyaɗa da kanta. Na ba Hadiyya nono na ƙarshe a bayan ɗaki, na bar ta ta sha har ta sake da kanta. Na ɗaure ƙirjina tam da ɗankwali kamar yadda Inna ta nuna mini, na sa doguwar riga baƙa da hijabi ruwan ƙasa, na zuba kaya kala uku a jaka. Guruf kuwa saƙonni sun taru fal, ana ta "Maman Hadiyya shiru?" Na rubuta musu, "An sasanta, na gode da addu'a," na rufe bakin guruf ɗin. Ummu Yelwa kaɗai na kira na gaya wa yadda aka yi.

A zaure na tura wa Sha'aban: "Kakar Hadiyya na son ganinka ranar Litinin bayan la'asar. Ka sa manyan kaya. Kuma don Allah kar ka biyo daga kasuwa."

Ya amso nan take: "Innalillahi. Tana da faɗa?"

"Sosai."

Ina saka ƙafa a waje Hadiyya ta farga. Kukan ya taso daga tsakar gida, irin mai shiga har ƙashi, tana "Mama! Mama!" Nono ya tsatso ya jiƙa ɗankwalin da na ɗaura. Na tsaya a jikin katangarmu na dafa ta da hannu ɗaya, ƙafata na cewa koma. Sai na ji muryar Hajiya ta cikin katangar, tana jijjiga ta, tana yi mata wata waƙa da ban taɓa ji ba, tana saka sunan Saminu a ciki.

Kukan bai tsaya ba. Amma daga cikin gidanmu yake fitowa.

Na gyara jakata a kafaɗa, na tsayar da mai babur, na ce, "Tudun Wada."